Goron Sunan Ɗan Maigadi

Har yau in na ji ƙamshin sitati a ƙarƙashin dutsen guga mai gawayi, sai in tuna Baba.

Wanki da guga yake yi wa manyan ma'aikatan gwamnati. Mu muna unguwar Nima, ba famfo, ba kwalta, su kuwa suna can gaba da unguwar Kanda. Wata 'yar hanya ce ta cikin fili ta haɗa mu, da ita yake zagaya gida biyar kafin azahar. Shekarar da aka fara gina sababbin gidaje a filin, sai aka kewaye shi da waya, aka sa maigadi. Maigadin nan maƙwabcinmu ne, garinsu ɗaya da Baba.

Ina biye da Baba da ƙullin kaya a ka ranar da ya tare mu.

"Ɗan'uwa, ni ne fa," in ji Baba.

"Na gan ka, sarkin wanki. Zagaya ta titi. Kakin nan bai san ɗan'uwa ba."

Zagayen ya fi awa guda, ga damina. Motoci suna watsa wa fararen riguna jan taɓo. Baba ya riƙa makara, gidajen suka riƙa sallamarsa har saura ɗaya. Tuwonmu ya koma koko.

A lokacin, ni yarinya ce da ko allura na tsinta sai na nemo mai ita. Shi ya sa da matar maigadi ta haihu, ni aka ba goron suna in kai wa 'yan garinmu a unguwar Maamobi. A wurinmu, wanda goro bai isa hannunsa ba, ba ya zuwa. Na tsaya a kan katakon da ake tsallaka babbar kwata, na zazzage goron duka a ciki, na jira har ruwa ya tafi da na ƙarshe.

Ranar suna maigadi ya shimfiɗa tabarmi har bakin hanya. Rago na ɗaure, liman na duban rana. Mutum shida suka zauna, har da Baba. Na leƙa ta taga, na ƙoshi da kallon fuskar maigadi. Da asiri ya tonu Baba ya zane ni, ko hawaye ban yi ba.

Yanzu Nima ta zama tsakiyar gari, tsadar haya ta kori jikokina can nesa, albashinsu a kuɗin mota yake ƙarewa. Jaririn nan na maigadi ya yi furfura, Yaya yake kirana. Shi na je na durƙusa na nemi gafararsa, har sau biyu, don ina tsoron ta farko ba ta karɓu ba. Ubansa kuwa ya mutu yana jiran in nemi tasa.