Tahiru Mai Haƙar Ramin Fibir

Tahiru mutumin Kance ne. Tun yana saurayi ya hau Tamanrasset, ya yi dako, ya yi kwaɓar siminti, daga baya ya samu shiga cikin masu haƙar ramin da ake binne wayar fibir a gefen titi. Da ya ɗan zauna da gindinsa sai ya aika aka kawo masa matarsa Mariyamu da 'yarsu Nana. Ɗaki ɗaya suke haya a bayan wani garejin gyaran mota.

Ciwon Mariyamu ya fara da kumburin ƙafa. Sai fuska, sai amai, har ta kai ba ta iya ɗaga bokitin ruwa. Sun sha na gargajiya, sun sayi ƙwayoyi a famasi, malamin unguwa ya yi rubutu. Asibiti kuwa ta ƙi. Ba su da takardu, kuma a lokacin ana yawan kwashe baƙi a kai su iyaka.

"Baban Nana, in aka kama ni a hanya, wa zai riƙe yarinyar nan?" Haka take ce masa kullum.

Wata rana suna hutun azahar, Abdurrazak, Balaraben da ke haɗa bakin wayoyin, ya fere guntun fibir ya nuna masa zaren gilashin da ke ciki, siriri kamar gashi. Ya ce ƙanwarsa Khalida tana koyarwa a jami'a, kuma irin wannan zaren take shafa wa ƙurar zinariya a baki don a riƙa gane cuta a ɗigon jini. Hira kawai yake yi. Tahiru dai bai ƙara jin ɗanɗanon burodin da ke hannunsa ba.

Washegari bai je shantiye, wato wurin aiki, ba. Ya roƙi Mariyamu ɗan kunnenta na aure, ya ƙulle shi a leda tare da guntun wayar, ya shiga taksi zuwa jami'ar. Mai gadi ya hana shi shiga, ya tsuguna a bakin ƙofa cikin rana har aka nuna masa Khalida tana fitowa.

Ya kwance ledar, ya yi mata bayani da Larabcinsa na kasuwa. "Doktora, ga zaren, ga zinariya. In bai isa ba zan nemo. Ɗigo ɗaya kawai na jinin matata za ki ɗauka a gida, ba sai ta fito ba."

Khalida ta daɗe tana kallon ledar. Ta shigar da shi ɗakin gwajinta, ta ɗauko wata 'yar kwalba mai ruwa ja kamar zoɓo. Ta ce wannan ita ce zinariyar, ƙwayoyinta sun yi ƙanƙantar da ido ba ya gani. Haske ke bi ta cikin zaren ya taɓa abin da aka tsoma shi a ciki, ya dawo da alamarsa, zinariyar kuma ta ƙara wa alamar ƙarfi. Amma injin da ke karanta hasken yana can arewa, kuma har yanzu a kan ruwan rini take gwadawa. Ba ta taɓa sa shi a jinin mutum ba.

"To ki fara da nata," in ji Tahiru. "Na yarda. Ko me ya faru na yarda."

"Ba zai gaya mana komai ba, ɗan'uwana. Sai nan da shekaru."

Ya zauna a ƙasa, a kan tayil, ya rufe fuska da hularsa. Ta ba shi ruwa bai karɓa ba.

Da la'asar ta zo ɗakinsu da wata ƙawarta likita. Likitar ta danna ƙafar Mariyamu, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta ɗebi jini ta kai ɗakin gwaji na gari. Sakamako ya nuna ƙodojin biyu sun kusa tsayawa, an makara ƙwarai, sai dai wankin ƙoda. Matan biyu suka ce za su raka ta da kansu, su tsaya mata. Tahiru ya durƙusa a gaban tabarmarta yana roƙo. Mariyamu ta saurare su duka, ta ce ita gida take so, wurin innarta.

Ya nemo musu wuri a bayan wata babbar mota mai zuwa Arlit. Duk hanya yana riƙe da kanta a cinyarsa, yana jiƙa mata leɓe da tsumma, Nana na barci a kan buhuna. Sun isa Kance da ranta. Ta ga damina, ta ci sabon gero, ta rasu bayan girbi.

Tahiru bai koma Tamanrasset ba. Yana noman gonar surukarsa, da rani kuma yana yin bulo a Damagaram. Nana ta shiga lekkol, makarantar boko, bana.