Gida Ɗaya, Suna Uku

Manajanmu a kamfanin jigilar kaya na unguwar Port Saeed da ke Dubai ɗan ƙasar Ireland ne, jan mutum mai yawan gumi, kuma ban taɓa ganin mai tinƙaho da sunan gidansu kamarsa ba. A bangon ofishinsa akwai wata takarda cikin gilashi, da zanen garkuwa da kan barewa, a ƙasa an rubuta asalin sunan. Duk wanda ya shiga neman sa hannu sai ya sha labari. Wai ma'anar sunan "jikan wane", wanen kuma wani mai shanu ne da ya yi sarauta a bakin teku tun kafin a san bindiga. Daga nan sai ya shiga jero manyan da suka amsa sunan: wani babban limamin coci, wani da Turawan Ingilishi suka rataye saboda tawaye, wani ɗan dambe da ya yi tashe a Amurka. Ko sun haɗa jini ko ba su haɗa ba, duk danginsa ne. Mu dai sai gyaɗa kai, in mun fito mu yi ta kwaikwayonsa.

A ƙarshen 2019 na kawo matata da 'yarmu mai shekara ɗaya da rabi da bizar ziyara. Na kama ɗaki da falo kusa da unguwar Al Sabkha, na haɗa takardun mayar da su masu izinin zama, na miƙa wa ma'aikacinmu mai bin biza, wani ɗan Masar. Bayan kwana biyu ya dawo ya ajiye min su a tebur. An ƙi karɓa. An ce in kawo shaidar cewa yarinyar tawa ce.

Ya buɗe fasfunan ya jera a gabana. Nawa sunan garinmu ne a ƙarshe, domin ran da aka kai ni firamare mu huɗu ne masu suna ɗaya, hedimasta ya bambanta mu da garuruwanmu, abin kuma ya bi ni har jami'a. Na matata sunan mahaifinta ne. Na 'yata sunana na yanka, kamar yadda kowa ke yi a gida. Babbar matsalar tana takardar haihuwarta. Ƙanena ne ya je karɓowa ina nan Dubai, ya ba ma'aikatan rajista sunana da na mahaifinmu, don shi haka ya san ni. Uban da ke takardar haihuwa da mutumin da ke fasfona sun zama mutum biyu.

Saura kwana goma sha ɗaya bizarsu ta ƙare. A Al Sabkha kuwa ba ka rasa mai labarin wani da aka kama da takardar bogi, aka ɗaure shi, aka kore shi. Tsoro ya kama ni sosai. Ina kallon yarinyar tana jan gyalen uwarta a falo, ina tunanin ranar da za a ce sato ta na yi. Na kira ƙanena na wanke shi tas, alhali na san ba laifinsa ba ne.

Ɗan Masar ya ce wasiƙar kamfani za ta iya taimakawa, don haka na shiga wurin manaja. Ranar bai ba ni labarin kakanni ba. Ya daɗe yana juya fasfunan, ya tashi ya rufe ƙofa, sannan ya tambaye ni a hankali:

"Faɗa min gaskiya, 'yarka ce?"

Da a gida ne da na ci kwalarsa. Amma sa hannunsa nake nema, sai na haɗiye. Na ce masa mu sunanmu ba ya zama wuri ɗaya, kowane ɗa ubansa yake amsawa. Na jero masa: ni ɗan wane, ɗan wane, ɗan wane, har shida, inda sanina ya tsaya. Ya dubi bangonsa, ya ce su ma haka suke a da, sai wani suna guda ya maƙale aka daina ƙirgawa. Ya sa hannu. Ya kuma ce kada in sa rai da yawa, masu duba takarda ba ruwansu da kakanni.

Gaskiyarsa. Aka ce sai an gyaro takardar haihuwar daga gida, an buga mata hatimi. Ni kuma tsoro ya sa na yanke cewa har fasfon yarinyar a canza, a sa mata sunan garinmu irin nawa, kada wani ya sake yi min wannan tambayar. Matata tana ninke kaya ta tsaya ta dube ni.

"Yanzu, Maigida, sunanka za a cire daga nata?"

Bizarsu ta kusa ƙarewa, dole su koma gida a yi gyaran. Na ce mata wata ɗaya ne kawai, ku je ku dawo. A filin jirgi na tsaya bayan gilashi ina kallon jami'i yana buɗe fasfunansu, ban numfasa da kyau ba sai da na ga sun wuce. Watan Fabrairu ne na 2020.

Ba a jima ba korona ta rufe hanya. Ofisoshi suka rufe a gida, takarda ta kwanta. Da aka buɗe can sai jirgi ya tsaya, da jirgi ya tashi sai bizar ta tsaya. Kullum bayan La'asar ina kiran su ta bidiyo. A waya na ga ta fara haɗa magana, a waya na ji ta fara cewa Baba.

Sai ƙarshen 2021 suka dawo. Wannan karon komai ya yi daidai, sunanta da nawa iri ɗaya, ba wanda ya tambaye su komai. Na hango su suna turo kaya, na durƙusa na sauke takunkumi don ta ga fuskata, na buɗe hannu. Ta tsaya cak, ta koma bayan uwarta ta riƙe zaninta. Uwar ta yi ta lallashi tana cewa ga Baba nan, je ki mana. Yarinyar ta leƙo ta ƙare min kallo, ta girgiza kai.

"Ba shi ba ne. Babana yana cikin waya."