Ƙullin da Laminu bai kwance ba

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Laminu, kuma har yau raina bai huce ba. Ranar Lahadi za a taru a gidan surukinsa, Alhaji Isuhu, a Saint-Denis kusa da Paris, a yi masa addu'a, a ci shinkafa, a ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara. Amma ina wurin, na ga abin da ya faru.

Laminu injiniya ne a birnin Lyon. Ya sayi wani tsohon jirgin ruwa mai tafiya da iska, ya ajiye shi can bakin teku a kudu. Mun yi masa dariya har mun gaji: ɗan Damagaram da teku, ina haɗin? Shi kuwa ko a jikinsa. Duk shekara yana hawa doguwar sandar jirgin, ya duba ƙarafan da ke riƙe wayoyi a ƙololuwarta, wanda ya yi tsatsa ya cire ya sa sabo. Dokarsa ɗaya ce: mai hawa shi ke ƙulla igiyar da za a ja shi da ita, da hannunsa.

Ran nan mun sauko daga Paris, ni da Alhaji, mu ga jirgin. Laminu zai hau ya canza wata ƙugiya da ta tsage. Sai Alhaji ya karɓe igiyar daga hannunsa, ya ce, "Kawo nan, ɗana. Ni da na shekara talatin ina ɗaure raƙuma?" Ya ƙulla masa. Na ga Laminu ya dubi ƙullin, ya daɗe yana dubansa. Wallahi ya san bai yi ba. Amma ya za a yi ya kwance abin da uban matarsa ya ɗaura, a gabansa? Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Yana gab da ƙololuwa ƙullin ya zame, ya faɗo.

Da zai leƙo yau ya ji yadda ake yabonsa, ban san ko dariya zai yi ko kuka ba. Ba wanda ke tuna gwanintarsa. Abin da ya rage a bakin mutane shi ne, "Allah sarki, yaro mai kunya." Shekaranjiya Alhaji ya kira ni a waya, bayan gaisuwa ya sake faɗin haka. Kai! Na ji kamar in wurgar da wayar. Bai taɓa cewa ko sau ɗaya, "Ni na ƙulla," ba.

Ba zan je ranar Lahadi ba, duk mai jin haushi ya ji. Sai dai ban isa in ɗora wa tsohon nan laifin duka ba. Bayan rasuwar innarmu ni na reni Laminu. Yana ɗan shekara tara ya gyara wa kawunmu lissafi a gaban baƙi, kuma shi ne da gaskiya. Na ja shi bayan ɗaki na sharara masa mari, na ce kada ya kuskura ya sake gyara wa babba. Bai sake ba.