Waƙar da na yi wa mahaifiyata

A lokacin ni ce mai ba da waƙa a zumuntar matan cocinmu da ke Unguwar Dosa, kuma ba yabon kai ba, idan na ɗaga murya har masu wucewa a titi sai sun rage tafiya. Ina da zuciya kuma, wannan kowa ya shaida. Bayan rasuwar mahaifiyata na tsara mata waƙa, baiti huɗu, ina wanke-wanke ina kuka ina haɗa ta. Mutum ɗaya na rera wa, ƙawata mai kaɗa mana tulu, don ta sa mata kiɗa.

Ranar babban taron zumunta zazzaɓi ya kwantar da ni. Da yamma maƙwabciyata ta nuna mini bidiyo a waya: ga ƙawata a gaban jama'a tana rera waƙata, har an sanar cewa ita ta tsara. Da na tare ta, sai ta ce ai waƙar yabo ta Ubangiji ce, ba ta kowa ba. Ko haƙuri ba ta ba ni ba.

Daga ranar na daina gaishe ta, na daina ba da waƙa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke karɓa a coci don tunawa da Yesu. An koya mana kada mutum ya karɓa da ƙullin wani a zuciyarsa, ni kuwa ba na iya munafunci. Shekara guda cur ana miƙo mini gurasa da ƙoƙo ina sunkuyar da kai su wuce. Uwar zumunta ta zaunar da ni, ta ce 'yata, wa kike hukuntawa, ita da take ci ko ke da kike zaune da yunwa? Na ce mata Mama a bar maganar.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ƙawar tawa, baki ya karkace. Zumunta ta shirya zuwa dubiya, na bi su don kada a ce ban je ba. Muna shiga 'yarta ta ce waƙar nan take ta nema a yi mata. Matan suka fara, suka kakare a baiti na biyu, don ba wadda ta riƙe sauran. Duk suka juyo suna kallona. Raina ya ɓaci sosai, na ce a zuciyata Yesu, ni dai ba zan iya ba, sai in kai za ka yi. Na buɗe baki na rera ta har ƙarshe. Ita kuwa da hannunta mai lafiya tana buga kiɗan a gefen gado, bai kuskure ko sau ɗaya ba.

Har yau ba ta ce in yafe mata ba, bakin ma bai dawo ba. Ni na yafe, kuma ina alfahari da hakan fiye da waƙar kanta. Ranar Lahadin da aka yi Jibi na miƙa hannu na karɓa.

'Yan'uwa, kada ku jira sai fushi ya huce ko sai an zo an durƙusa muku. Ni da fushina na fara waƙar nan, a baiti na uku ya sake ni. Shekara guda na hana kaina teburin Ubangiji ina jiran kalmar da ba za ta zo ba. Yanzu duk ranar Alhamis ina zuwa gidanta, ni da waƙa, ita da kiɗa.