Hagu a Kan Dama

Shekara hamsin da biyu Tsuya Hatakeyama ta yi tana ɗaura wa matan garinsu kimono, doguwar rigarsu ta gargajiya, kuma har ta rufe shagonta ba a taɓa jin ɗamarar da ta ɗaura ta kwance a wajen biki ba. Garin na masunta ne, can arewa a bakin teku, irin wanda kowa ya san abin da aka dafa a gidan kowa. Amare duk ta hannunta suka bi, haka 'yan mata ranar bikin cika shekara ashirin. Idan kuma aka yi rasuwa, ita ake buga wa ƙofa, ta je ta sa wa mamaci farar rigarsa. Aikin ɗaya ne, a ƙirji bambancin yake. Mai rai, gefen hagu na rigarsa ke hawa kan na dama. Mamaci kuwa dama ke hawa kan hagu, kuma ko yaro ɗan shekara biyar ya san haka. Malama ake ce mata a garin, har shugaban ƙungiyar masunta haka yake kiran ta.

A gidan kula da tsofaffi da ke kan tudu kuwa, Kaka ake ce mata. 'Yarta Chizuru ce ta kai ta bayan ta faɗi a banɗaki ta karya ƙugu, yarinyar ta sha kukanta, ta koma birni bakin aikinta. Ba wanda ya ga laifinta, Tsuya ma ba ta gani ba. Gidan tsaf yake, abinci a kan lokaci, ma'aikatan ba su da mugunta. Abin da ya tsaya wa Tsuya a rai shi ne ƙarfe biyu na rana, lokacin da ake jera su a zaure don nishaɗi. Wanda dai ya fara tunanin a miƙa wa mai shekara tamanin da shida balan-balan ta buga, ban san me tsofaffi suka yi masa ba. Wata rana shafa kala a zanen furanni, wata rana waƙoƙin 'yan firamare, ana tafa musu kamar sun yi abin kai. Tsuya takan harɗe hannu ta zuba ido.

Mitsue Oikawa ce ta hana ta bushewa a wurin. Shekara arba'in ta yi tana gyaran kifi a masana'antar gwangwani, shanyewar ɓarin jiki ta cinye mata hannun hagu da ƙafa, ta ɗora ta a keken guragu, ta bar mata baki. Teburinsu ɗaya, ɗakunansu suna kallon juna.

"Yaya, ga shi nan tafe, kare kanki!" in ji Mitsue idan balan-balan ya nufo su.

"Ki buga, ke da kika saba da aikin banza."

"Au, gyaran kifi ne aikin banza? Kifin da na feɗe ai shi ya aurar da amaren naki. Kin taɓa ganin an yi biki da ɗamara a faranti?"

"Har yanzu ƙarninsa kike."

"Ke kuma ƙamshin akwatin tsumma. Mu je a haka."

Sau ɗaya a shekara Tsuya take komawa Malama, ranar bikin bazara. A rataye fitilun takarda a tsakar gida, a zo da mai ganga daga gari, iyalai su hallara, mata su sa yukata, rigar nan ta auduga mara nauyi. Konno-san, matar da ke shirya shagulgulan gidan, ta gano tun shekarar farko cewa ita da ma'aikatanta ba su iya ɗauri ba, sai ta sakar wa Tsuya. Har wani ƙulli Tsuya ta ƙirƙiro saboda masu keken guragu, shimfiɗaɗɗe a gefen ciki, don kada ya tokare musu baya. Wata guda kafin bikin take fara guga da jera ɗamaru, kuma a watan nan ko ciwon ƙugu ba ta ambata.

A shekara ta huɗu ne kai ya fara yi mata gardama. Ta kira Konno-san da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Ta nemi tabarau yana fuskarta, wannan kowa na yi, amma wata safiya a bakin ƙofar fita aka tsince ta da takalmi a hannu, wai amarya na jiran ta ƙarfe bakwai. To gidan yana da hawa na uku, inda ake ajiye waɗanda gigin tsufa ya ci ƙarfinsu. Lifta ba ta zuwa can sai da lambar sirri, kuma wanda ya hau ba ya sake saukowa zaure. Sama kawai mazauna gidan ke ce wa wurin. Da kunnenta Tsuya ta ji likita yana gaya wa Chizuru a bayan labule cewa a bari a ga bayan bikin bazara. Tsoro ya kama ta, irin wanda ko ranar da teku ta hana mijinta dawowa ba ta ji ba.

Da ta gaya wa Mitsue, sai Mitsue ta buɗe makarantar satar amsa. Kullum da safe, kafin a kawo shayi, ta sunkuyo.

"Yau wace rana?"

"Laraba."

"Alhamis, dakikiya. Me kika ci jiya da rana?"

"Kifi."

"Kullum ai kifi ne, ki riƙe wannan, ba za ki faɗi ba. In likitan nan mai kai kamar ƙwai ya ce ki cire bakwai daga ɗari, ki ce ba ki zo da tabarau ba. Ba inda za ki, Yaya. In kika hau Sama wa zan zaga?"

Ranar bikin, tun azahar Tsuya ke tsaye a ɗakin canza kaya, igiya a baki, hannu na tafiya da kansa. Mata goma sha ɗaya. Ta ja wuyan wannan baya kaɗan, ta ce wa waccan ta shanye tumbi. Konno-san na bakin ƙofa tana ta zuba yabo. Mitsue ta yi ta ba wasu layinta har ta zama ta ƙarshe, lokacin Tsuya ta gaji liƙis. Ta lulluɓa mata shuɗiyar yukata mai zanen igiyar ruwa, ta haɗe gaban, ta ɗaure. Ta ga Mitsue ta buɗe baki, ta kalli Konno-san, ta mayar ta rufe.

"Ya matse ne?"

"A'a. Miƙo mini maficin can."

Da la'asar tsakar gida ta cika. Mai ganga ya saki hannu, masu ƙafa suna zagaye, masu keke suna tafi. Aka raba soyayyiyar taliya da kankana. Mitsue, wadda ba a taɓa kai abinci gabanta ya koma ba, ta ce ta ƙoshi. Hannunta ɗaya mai aiki yana riƙe da mafici manne a ƙirji, ko fifita ba ta yi. Tsuya kuwa farin ciki ya cika ta. Ta kamo hannun Chizuru tana bi da ita daga mace zuwa mace, tana nuna mata aiki, don yarinyar ta gani da idonta ko wannan hannun na mai hawa Sama ne. Da suka iso kan Mitsue ta fizge maficin.

"Ke sai ɓoye mini aiki kike, sai ka ce..."

Maganar ta tsaya. Dama a kan hagu. Ran Tsuya ya ɓaci nan take, ɓacin rai na mai sana'a, ta ɗaga murya har mai ganga ya sassauta.

"Wane jahili ne ya yi miki wannan? Mace da ranta a yi mata shigar gawa? Konno-san! Wa ya taɓa ta bayan na gama? A gidan tsofaffi za a yi wa mutum wannan mugun fata?"

Chizuru ta sunkuyar da kai. Konno-san ta taho da sauri.

"Ni ce," in ji Mitsue. "Banɗaki na shiga, na kwance na mayar. Me mai gyaran kifi ta sani? Ki daina tara mini jama'a, Yaya."

Tsuya ta buɗe baki za ta wanke ta tas, idonta ya sauka kan ɗamarar. Ƙullin nan ne shimfiɗaɗɗe a gefen ciki, tsaf, ko gezau bai yi ba. Duk garin ba mai yin sa sai ita, balle mace mai hannu ɗaya. Ta daɗe tana kallonsa. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta lokaci guda, ta ji da ma ƙasa ta tsage.

Ta kama keken Mitsue ta tura shi ɗakin canza kaya da kanta, ta rufe ƙofa. Ta kwance ɗamarar, ta buɗe rigar, ta riƙe gefe ɗaya a kowane hannu. A nan ta tsaya. Ta ɗora wannan, ta ɗage. Ta ɗora wancan, ta ɗage. Hannun da ya yi shekara hamsin da biyu bai taɓa tambayarta ba, yau ya tsaya yana jiran ta gaya masa, ita kuma ba ta sani ba.

"Mitsue," ta ce a hankali. "Wanne ne na masu rai?"

Mitsue ta kama hannun daman Tsuya, wanda ke riƙe da gefen hagu na rigar, ta ɗora shi a sama ta danne.

"Wannan. Kuma ba wanda ya ji."

"Ni na ji."

Washegari, kafin likita ya ce uffan, Tsuya ta sa aka kira mata Chizuru da Konno-san. Ta ce a kai ta Sama. Ta ce mutum goma sha ɗaya sun ba ta jikinsu, ta yi wa wadda ta fi so a cikinsu shigar kabari, ba za ta jira ta yi na biyu ba. Mitsue ta zage ta iya zagi a teburin karin kumallo, ta ce taurin kai ne da girman kai irin na masu shago, daga baya ta kifa kai a tebur ta yi kuka kamar yarinya. Ranar Litinin aka kwashe kayanta, akwati biyu ne.

Sai da Mitsue ta hana ma'aikata sakat kafin aka yarda a riƙa hawa da ita duk Alhamis, minti talatin. Da fari Tsuya na gane ta, har su taɓa faɗa. Sanyi na shigowa abin ya fara tsalle, wani mako ta gane, wani mako a'a. Wata Alhamis a watan sha biyu Konno-san ta turo keken har bakin gadon. Tsuya na zaune a miƙe, gashinta a gyare. Ta dubi matar da ke cikin keken daga sama har ƙasa, ta gyara zama, ta ɗan sunkuya cikin ladabi.

"Sannu da zuwa. Sanyi ya taso ki da wuri. Biki ne ko rasuwa?"

Mitsue ta ƙura mata ido. Konno-san ta kawar da kai. Tsuya na nan tana jira da haƙuri, hannuwanta a kan cinya.

"Biki ne, Malama," in ji Mitsue, hawaye na bin kumatunta.

"To madalla," in ji Tsuya. "Daina kukan, kada ki ɓata kwalliyar."