Rabin Murɗi a Rediyon Kawu

A duk masu gyaran rediyo na Konni, ni kaɗai nake ba ƙarfe ruwa. Na kafa rodi a bayan shagona, na zuba masa gishiri da gawayi, kullum safe in kwara masa buta guda, don busasshiyar ƙasa ba ta shan wuta. Daga rodin na jawo waya zuwa teburi, in zan taɓa kayan cikin rediyo sai in ɗaura ta a hannu, don wutar jikina ta bi ta zuwa ƙasa. Tela maƙwabcina yakan leƙo ya tambaye ni ko shukar ta tsiro. Daɗi ma nake ji, don a ganina na fi kowa sani.

Lokacin rediyo masu cin faifan sidi sun fara shigowa daga Sakkwato. A cikinsu akwai ɗan ido mai hasken leza da ke karanta faifai, ga shi da tsirfa. Wutar da ke taruwa a jikin mutum, wadda kan tsunkule ka in ka taɓa ƙofar mota, ta isa ta kashe shi. Kusa da shi kuma akwai ɗan sukuru da ke ƙayyade wutar da yake sha. Na sha yi wa abokan sana'a wa'azi a kansa: ka murɗa, ido ya yi ƙarfi na mako guda, daga nan sai gawa.

Kawuna ya daɗe yana tuƙa motar siminti daga Malbaza, har bayansa ya ƙi, ya kwanta. Wani amininsa ya kawo masa irin rediyon nan daga Makka, da faifan karatun Alƙur'ani. Shi ke ɗebe masa kewa. Da rediyon ya fara tsallake ayoyi, sai aka ɗora kawu a amalanken jaki aka kawo shi, don ya ƙi yarda rediyon ya kwana a wani wuri.

"Ɗana, duba min shi. An ce duk garin ga kai ɗai ka iya."

Na tuɓe takalmi, na ɗaura waya, na goge ido. Tsallake na nan. Idon ne ya tsufa, maganinsa a lallaɓa shi haka har a nemo sabo. Amma tela da 'yan kallo sun cika ƙofa, kawu ya zuba mini ido, bakina ya kasa cewa sai wata rana. Na juya musu baya, na sa sukudireba a ɗan sukurun nan. Rabin murɗi kawai na yi.

Karatu ya tashi tar. Kawu ya yi ta sa mini albarka, ya ce da tela, "To, ka ga amfanin wayar da kaka yi ma dariya."

Kwana tara idon ya yi, ya mutu. Sau biyu na je Sakkwato, ban samu irinsa ba. Na tafi gidan kawu da niyyar faɗin gaskiya, sai ya riga ni.

"Laihina na, ɗana. Ban barin shi shi huta, ni na gajiyar da shi. Kai ka yi naka."

Na ce masa ai haka kayan Bature suke. Kunyar wannan magana har yau ba ta sake ni ba.

Wata huɗu kawu ya ƙara a duniya, ɗakinsa shiru. Duk wanda ya je duba shi sai ya ce masa in rediyonsa ya lalace ya kawo mini, don ni ina da amana.