Dattijon da Ke Ɓoye Saurinsa

Faustina, wadda ta dawo daga karatu a waje, tana jiran takarda a wani ofis a Kafanchan. Idonta na kan dattijon da ke buga takardu a kwamfuta a bakin taga. Kwalar rigarsa ta koɗe, tabaransa ɗaure da zare, amma yatsunsa ba sa barin kibod. Sunayen manoman citta ne, shafi arba'in, za a sake musu tsari. Ya danna maɓalli biyar, layuka suka jeru da kansu.

"Baba, ina ka koyi wannan?"

"'Yata, wani bawan Allah ne ya rubuta manhajar, ya ba duniya kyauta. Ko fuskarsa ban sani ba, amma ina sa shi a addu'a. Kullum nakan koyi dabara ɗaya."

Sai ga takun oga. Dattijon ya rufe aikin da ya gama, ya shiga tsintar haruffa da yatsa biyu kamar kaza.

"Meshak, har yanzu?"

"Sai jibi, sa. Ni da Emilia muna kai."

Emilia, abokiyar aikinsa, na ɗaya teburin da goyo a baya, tana bugawa a hankali. Faustina ta gane: ranar da oga ya san mutum ɗaya ya isa, ranar za a sallami Emilia. Mai manhajar ya yi alherinsa a fili, ana masa addu'a. Wannan kuwa sai a ɓoye.

Oga ya ja tsaki. "Tsufa ya cinye ka."

"Haka ne, sa," in ji Meshak.